Inuwar Giginya: Magana Kan Gandun Dajin W

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauki alli ko alƙalami ka rubuta harafin W. Shi ne farkon wake, da wuta, da wata. Dube shi da kyau. Ya gangara, ya hau, ya sake gangarawa, ya sake hawa. To, kogin nan namu ya riga ka iya rubuta shi. In ka shiga jirgi a Dole ka yi ta haurawa, ka wuce Gaya, ka wuce tsibirin Lete, ka wuce Bumba, za ka tarar da wurin da kogin Kwara ya yi ta lanƙwasa tsakanin duwatsu har ya zana wannan harafi. Da Faransawa suka ga haka a taswira, sai suka laƙaba wa dajin da ke hayin kogin sunan W. A bakinsu "dubul-be" suke cewa.

Daji ne babba. Ƙasa uku suka raba shi: Nijar, da Benin wadda dattawa ke kira Dahome, da Burkina Faso. Rabon Nijar hekta 220,000 ne. Hekta ɗaya kuwa gona ce mai mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance. In an haɗa rabon ƙasashen uku, ya kai hekta miliyan 1 da ɗoriya. A cikinsa akwai kwazazzabon Tapowa, inda ruwa ya yanka dutse ya yi kwari mai zurfi, bango nan, bango can. Akwai kogin Mekuru, wanda ya raba Nijar da Benin. A kan Mekurun, can sama, akwai wurin da ake kira Kudu. Sunan wuri ne, ba kudu da arewa ba. A nan ne ruwa ke faɗowa daga kan dutse da ƙugi, ya taru a ƙasa ya yi gurbi. Akwai giwa, da zaki, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da dorina, da tsuntsaye iri fiye da 350.

Ba don in yi maka kirarin daji na ɗauki alƙalami ba. Wata magana ce nake ji tana yawo a tashar jirgi, da kasuwa, da gindin bishiya bayan la'asar. Tun da ƴan bindiga suka shiga dajin, malaman daji suka ja da baya a wurare da yawa, sai ka ji mutum ya ce: "Madalla. Dama dajin Nasara ne. Ko wuta ta cinye shi, ina ruwanmu?" Wani kuma ya ce: "Gara a raba shi a noma." Wannan magana ba wayo ba ce, kuma kanmu za ta ƙare. Zan gaya maka dalili. Amma bari tukuna in ba masu ita haƙƙinsu, don ba daga sama ta faɗo ba.

Gaskiya ne ba a shawarci kowa ba. Ran 4 ga Agusta 1954 aka sa hannu a takardar da ta mai da wurin gandun ƙasa, shekara 6 kafin Nijar ta sami ƴancin kai. Tun kafin nan ma Faransawa sun daɗe da fara keɓe shi. Sun ce daji ne da babu kowa. Ba haka ba ne. Mutane ba su da yawa, wannan gaskiya ne, saboda ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, da wani ɗan baƙin ƙuda mai makantar da mutane. Amma akwai su. Akwai Gurmawa, akwai Fulani, akwai maharba da masunta da masu cin zuma. Tashinsu aka yi. Har yau wanda ya san dajin zai nuna maka inda kukoki suka taru wuri ɗaya. Kai manomi ne, ka san kuka ba ta cika taruwa haka ba sai a kufai. Zai kuma nuna maka tulin kashin maƙera, inda mutanen da suka narka tama.

Ɗan baƙin ƙudan nan, a ruwa mai gudu yake haihuwa. Wato irin ruwan da baƙo ke ɗauka hoto yana murna, shi ne ya makantar da kakannin mutanen bakin Mekuru da Tapowa. A 1974 aka fara yaƙi da ƙudan, ana zuba magani a koguna daga jirgin sama. A Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka duka. Alhamdu lillahi. Amma riƙe wannan a ranka: a da, ƙuda ne babban mai gadin dajin. Yanzu ƙuda ya ja da baya. In mutane ba su tsare dajin ba, babu mai tsare shi.

Bayan ƴancin kai tuta ta sake, hali bai sake ba. Su wa ke zuwa kallo? Mutanen Yamai masu mota, da baƙi daga Turai. Da rani suke zuwa, su kwana a otal ɗin Tapowa, su ga giwa tana shan ruwa, su koma. A 1996 hukumar UNESCO ta sa rabon Nijar cikin kayan gadon duniya. Gadon duniya! To, tashi ka tambayi ajinku na yaƙi da jahilci. Mutum nawa ya taɓa ganin ruwan Kudu? Mutum nawa ya taɓa leƙa kwazazzabon Tapowa? Abin da talaka ya sani game da gandun shi ne tara. A kama makiyayi da shanunsa. A ƙwace gatari. A ƙwace taru. Wani lokaci a ba ka takarda, wani lokaci ko takardar babu.

A Nijeriya, cikin jihar Bauci, akwai gandun Yankari. A cikinsa akwai maɓuɓɓugar Wikki, ruwa mai ɗumi, garai-garai, yana fitowa daga ƙarƙashin dutse dare da rana. Can akan kwashi ƴan makaranta a mota a kai su, su yi wanka, su ga namun daji. Yaron da ya yi wanka a Wikki, in ya girma da wuya ya ce dajin Nasara ne. Yaran Tunuga fa, wa ya taɓa kwasarsu ya kai su W? Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Mu mun fi kowa sanin wannan karin magana, don giginya a gonakinmu take. Shekara da shekaru gandun W ya zame mana inuwar giginya.

Duk na yarda da wannan. To, sai me? Wanda aka hana shi inuwa, sai ya sare giginyar? In ta faɗi, kan wa za ta faɗa? Ba kan na nesa ba.

Ka ce madalla da malaman daji suka ja da baya. To, wa ya gaje su? Kai ne? Ƙanenka mai kiwo ne? Ji abin da ya faru. A Fabrairu 2022 aka kashe mutum 9 a rabon Benin, galibinsu ma'aikatan gandun. A Yuli 2024 aka kashe malaman daji 5 da sojoji 7. Ran 8 ga Janairu 2025, a wurin da iyakar ƙasashen uku ta haɗu, aka kashe sojojin Benin 28. Ran 17 ga Afrilu 2025 aka sake kai hari a wurin, da kuma Kudu. Gwamnatin Benin da bakinta ta ce sojojinta 54 ne suka mutu. Kudu fa, inda a da ake zuwa kallon ruwa. Waɗanda suka mutu ɗin nan ƴaƴan mutane ne. Suna da uwa, suna da uba, kamar ɗanka.

Malamin daji, komin tsananinsa, yana da suna. Yana da ofis. Yana da na gaba da shi a Gaya, da wani a Doso, da wani a Yamai. In ya zalunce ka, akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ko da ba a buɗe da wuri ba. Wanda ke cikin dajin yanzu, ina ofishinsa? Yau zai ce maka shiga ka yi kiwo kyauta, ƙasar Allah ba ta da iyaka. Magana mai daɗin ji. Gobe ya ƙidaya shanunka ya ɗebi abin da ya kira zakka, ba malami, ba alƙali, ba ƙara. Jibi ya ce ka ba shi ɗanka. Gata kuma soja ya zo ya ce kai ma nasu ne, tun da an gan ka cikin daji. Ba duba nake yi maka ba. An yi haka a jihar Tilaberi, an yi a gabashin Burkina. Garuruwan da ke da kasuwa da masallacin Juma'a sun zama kufai, mutanensu suna zaune a bukkar leda a bayan birni. An gudu ba a tsira ba. Kuma dajin da ya zama maɓoyar ƴan bindiga ba ya tsayawa inda taswira ta tsai da shi. Daga bakin W zuwa Gaya, ga mai babur, ba nisa ba ne.

Sai masu cewa a raba a noma. Su ma ba sabon abu suka kawo ba, an gwada. Bayan farin 1973 da 1974, a zamanin Seyni Kunce, cikin 1976 aka yanke kusan rabin dajin Tamu, wanda ke maƙwabtaka da W ta arewa, aka buɗe shi ga manoma. Har wurin ya ɗauki suna "A yi noma". Niyya ce mai kyau, mutane na jin yunwa. Waɗansu talakawa da fari ya koro sun sami abin shuka. Amma manyan filaye da yawa hannun manyan ma'aikata da ƴan kasuwar birni suka faɗa, masu mota da takarda. Ran da za a raba W, kana tsammani za a aiko Tunuga a kira ka? Kai da ba ka san ko ƙofar ofishin ba? In ana rabon nama, dubi hannun da ke riƙe da wuƙa.

Ko da an kira ka ma, me za ka samu? Yawancin ƙasar W tudu ce mai marmara da tsakuwa. Baƙar ƙasar da ke samanta ba ta da kauri, ganye da ciyawa ne suka tara ta a hankali. Ka share ka shuka, za ta ba ka amfani shekara kaɗan ka yi murna. Daga nan ruwa ya wanke ta, fako ya fito. Ka rasa gona, ƙasa ta rasa daji.

Yanzu zo mu bi ruwa. Ruwan da ya faɗo a Kudu, ina yake zuwa? Ya bi Mekuru ya faɗa Kwara daura da Bumba. Kogin Alibori, wanda ya bi gefen dajin ta gabas, shi ma ya faɗa Kwara kafin a kai Malanbil. Daga nan duka su gangaro tare, su bi ta ƙarƙashin gadar Gaya, su wuce Gatawani da Dole, sa'an nan su shiga Nijeriya. Ka gani? Ruwan da ba ka taɓa ganin faɗowarsa ba, kana shansa. Mai ɗakinka tana wanki da shi. Shinkafarka da shi take rayuwa. Kana cewa ina ruwanka da W, alhali ruwan W yana cikin randarka.

Ka san abin da ke samun gona in ruwan farko ya same ta tsirara, ba kara, ba saiwa. Ruwa ya zo da ƙarfi ya kwashe ƙasa ya bar zaizaya. Daji ma haka ne. Inda itace da ciyawa suke, ruwa yakan tsaya ya nutse, ya riƙa tsattsafowa a hankali. Inda aka share, duka yake tahowa rana ɗaya, da laka da yashi. Dubi Sirba da Dargol da Goruwol, kogunan da ke faɗa wa Kwara can sama da Yamai. Ƙasarsu an daɗe da share ta. Su ne ke kawo jan ruwan damina, kuma jan ruwan nan yana daɗa ƙarfi. Ka tuna ambaliyar 2020 da ta 2024. Yashin da suke kawowa shi ke cike gurabun da kifi ke ɓuya. Tambayi dattawan Sarkawa. Za su nuna maka inda a da sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, yau yaro na tsallakawa da ƙafa in rani ya yi. Su gaya maka irin giwan ruwan da ake kamawa a da, da irin wanda ake kamawa yanzu. Mekuru kam har yanzu tana ratsa daji mai itace kafin ta iso mana. Kana so ita ma ta koma Sirba?

Wani zai ce: "To, na ji zancen ruwa. Zaki fa, me zai yi mini?" Ba zai yi maka noma ba. Giwa ma ɓarna take yi. In ta shiga gonar dawa, dare ɗaya ta gama da wahalar shekara. Wanda aka yi wa haka diyya ta kamace shi, ba wa'azi ba, kuma in hukuma ba ta biya ba ta ci haƙƙinsa. Amma ji wannan lissafi. Masu bincike sun bi dazuzzukan Afirka ta Yamma, daga Sanigal har Nijeriya, suna neman zaki. A 2014 suka fitar da abin da suka samu. Zakunan da suka rage kamar 400 ne kacal. Kusan 9 cikin kowane 10 suna cikin W da gandaye biyu da ke haɗe da shi, Arli da Penjari. Giwayen da suka fi yawa a yankin duka su ma can suke. Mu ne fa muke kiran sarki zaki. Mu ne muke ce wa jarumi toron giwa. Yau wa ya ga zaki a Dallol Mauri? In na W suka ƙare, sun ƙare ke nan, babu kasuwar da za a sayo su. Allah ne ya halicce su, ya ajiye su kusa da mu. Bai ba mu izinin ƙarar da su ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa talaka da naman daji ba sa zama wuri ɗaya. A Kure, kan hanyar Doso zuwa Yamai, akwai raƙuman dawa. A 1996 guda 49 suka rage, irinsu babu a ko'ina a duniya. Bayan shekara 20 da ƴan kai sun haura 600. Ba shinge, ba katanga. Cikin gonakin mutane suke yawo, har wake suke ci. Me ya tsare su? Ƴan garuruwan ne ke yi wa baƙi jagora suna samun kuɗi, kuma garuruwan sun sami taimako da bashin sana'a saboda dabbar. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Mutanen Turai sun sami wani wurin yawo. Ƴan jagorar Kure su ne suka rasa abinci.

Amma me zai kai mu Kure? Darasin yana ƙofar gidanmu. Dattawa, ku tuna yadda giginya take a da. Doka ta ce ta gwamnati ce, ko da a tsakiyar gonarka ta tsiro. Mai izini ya zo daga birni da takarda, ya sare, ya tsaga azara, ya loda mota, ya bar maka kututture. Kai in ka taɓa ta, tara. To, me manomi ya yi? Abin da kowa zai yi. In ya ga ƙaramar giginya ta tsiro, sai ya sa mata hauya tun ba a gani ba. Don me zai rena abin da zai jawo masa malamin daji cikin gona? Ƙwallon kuma a kwashe a binne don muruci. Manyan giginyoyi suka yi ta tsufa, babu ƙanana a bayansu. Da an ci gaba haka, da yau azara ta zama labari.

Cikin shekarun 1990, da taimakon ƙasar Suwis, aka juya al'amarin a Dallol Mauri. Aka kafa kwamitocin gari. Aka ɗauki masu gadi cikin ƴan gari. Aka ce a zaɓi wadda ta isa sara, a sayar da azara, gari ya sami rabonsa. Mutane ba su zama mala'iku ba, inda kuɗi yake ba a rasa gunaguni. Amma ƙananan giginyoyi sun dawo gonaki, kowa na ganinsu da idonsa. Mutanen jiya ne fa, ba a kawo waɗansu daga wata ƙasa ba. Hannun da ke sa wa giginya hauya, shi ne ya koma yi mata shinge. Abu ɗaya ne ya sake, amsar tambayar nan: ta wa ce? Haka aka yi a Maradi da Damagaram da sassaben zamani. Tun cikin shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon itace a gonakinsu, da suka tabbata nasu ne. An ƙiyasta itace miliyan 200 suka tashi a hekta miliyan 5. Babu gandun gwamnati da ya taɓa shuka kwatankwacin haka.

Saboda haka maganata ba a kan mai karatu kaɗai ta tsaya ba. Ranku ya daɗe, manyan Gaya da Doso da Yamai, ku ma da ku nake. Da ƙullin da ke zuciyar talaka ƴan bindiga suka buɗe ƙofar dajin nan. Ba su suka ƙulla shi ba, samunsa suka yi a ƙulle. A Disamba 2019 Benin ta hana shanun ƙasashen waje shiga kiwo ƙasarta. A 2020 ta danƙa tsaron rabonta na W ga wata ƙungiya mai suna African Parks. Makiyayin Dallol da ya saba ƙetara kogi da rani tun zamanin kakansa ya ga ƙofa ta rufe. Ya waiwayo gida, burtali an nome, bakin tafki an shuka. Ina zai kai dabbobi? Shanu ba sa cin takarda. Dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ta ce tafiyar kiwo haƙƙi ce. To, a buɗe burtali, a tsare makiyaya da mashaya a wajen gandun, kafin a ce wa mutum kada ya shiga ciki. In zaman lafiya ya dawo, kuma zai dawo da yardar Allah, kada a koma gidan jiya. A ɗauki ƴaƴan garuruwan bakin daji aikin gadi. Kuɗin da baƙi za su biya, gari ya san rabonsa a rubuce. Motar farko da za ta shiga Tapowa kuwa, kada ta zama ta baƙi. A cika ta da ƴan makarantar bakin kogi. Gandun da bindiga kaɗai ke tsaro, ran da mai babbar bindiga ya zo, ya tafi. Kun gani da idonku.

Kai fa, ɗan'uwa, da ke ƴar'uwa? Ban ce ku ɗauki sanda ku tafi Mekuru ba. Kada ku je. Wurin ba na zuwa ba ne yanzu. Amma akwai abin da ke hannunku. In aka kawo muku bandar ɓauna ko ta gwanki a ɓoye, da araha, ku tambayi kanku daga wane daji ta fito, kuma aljihun wa kuɗinku zai shiga. Ɓauna ba ta kiwo a Dallol. In kuna binne ƙwallon giginya don muruci, ku bar wani ya tashi. Ga kuma dajin Goru Basunga nan kusa da Gaya, kusan hekta 10,000, wanda aka keɓe tun zamanin Faransawa. Shi ne ƙaramin W namu. Maganar da ake yi wa babban ita ake yi masa: na gwamnati ne, ba na kowa ba. Da wannan magana ake cinsa gefe gefe, yau kura ɗaya ta itace, gobe ƴar gona. Wannan kam ba sai ka jira soja ba. Hakimi, da mai gari, da ardo, da limami suna iya zama a kansa cikin satin nan.

Yanzu kuma ka iya karatu, ka daina tsoron takarda. In malamin daji ya ci ka tara, ka biya in ka yi laifi, amma ka nemi rasit. Karanta adadin kuɗin. Karanta kwanan wata. Duba hatimi. Tarar da ba ta da rasit ba baitulmali take zuwa ba, kuma ita ce ta fi komi sa mutane su tsani daji. Ma'aikacin kirki ba zai ji haushin tambayarka ba, sai dai ya ji daɗi.

Ku je ofishin komin na Tunuga ku tambaya, cikin ladabi, nawa aka samu bara daga azara da itace da tara, kuma me aka yi da shi. Tun watan Maris 2025 babbar dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. To, a rubuta lissafin da Hausa, da manyan haruffa, a manna a ƙofa. In an manna, ku tafi ku uku ko huɗu daga ajinku, ɗaya ya riƙe alƙalami yana kwafa, ɗaya ya karanta da ƙarfi don waɗanda ba su iya ba tukuna su ji.